Wayar Gidan Hajja Ni'mat

Umdurman

Ɗana Ishaku,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da 'yar'uwarka Saratu da kakarku. Ƙafar kakar taku ta yi sauƙi? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Girkin gidan nan bai fi ƙarfina ba, tsayuwar ce kawai.

Labari ya iso ni cewa ka bar makaranta kana bin motocin garin Madani. Ba don haka na baro ku na zo aikatau ba.

Kada ka zaci kashe maka waya na yi ranar Juma'a. Hajja Ni'mat, wadda nake wa aiki, ta sa sabuwar waya marar igiya. Mai haɗawar ya ce in aka yi nisa da mazauninta na falo, ba ta ji. Ban riƙe maganar ba. Da na ji muryarka, sai na nufi ɗakina can bayan gida da ita, don kada mutanen gida su ji abin kunyarmu. Ina tafe ina faɗa, na zauna ina faɗa, har muryata ta karye. Da na ce, "Ka ji ko?" sai shiru. Ashe ta daɗe da yankewa, kuma ba ni da lambar shagon da ka kira ni daga can.

Ban san inda ka daina jina ba. Don Allah ka sake kira. A falon zan tsaya, kowa ya ji. Abin da na faɗa daga ƙarshe ba faɗa ba ne.

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Hajara