Gabas ɗin Ɗakin Kaka

Litinin, 5 ga Agusta, 2024
Mun iso Tambuwal daga Fakku kafin azahar, ana yayyafi. An ba mu ɗakin da ke ƙarshen gidan Kawu Mannir, ni da Kaka. Likita zai duba idanunta, yanzu ko hannunta ba ta gani. Kawu ya ce in na kula da ita da kyau zai sa ni sakandare a nan. Na ce to, amma ban ɗago kai ba.
Da aka kira salla Kaka ta ce, "Hamdiya, ina gabas?" Na so in tambayi Anti Khairat, matar Kawu, amma tana da baƙi. A gida in za mu yi salla ƙofa muke ba baya. Sai na shimfiɗa tabarma haka.

Asabar, 10 ga Agusta
Kullum hadari da safe. Na fara zuwa Islamiyyar yamma. Ban yi magana da kowa ba.

Lahadi, 11 ga Agusta
A Islamiyya Malama Mu'minatu ta tambaye mu daga ina aka samo kalmar gabas. Ba wadda ta sani. Ta ce daga gaba ne, wato abin da ke gabanka in ka tsaya salla. Ta ce Larabawa mashriƙ suke cewa, wurin fitowar rana. Na rubuta. Na gaya wa Kaka, ta ce, "Ashe sai an tafi makaranta aka sanin wanga?"

Laraba, 14 ga Agusta
Innalillahi.
Gari ya waye ba hadari. Na ɗaga labule zan yi shara, sai rana ta shigo ta ƙofa har kan gado. Ta ƙofa! Ƙofar ɗakin nan gabas take kallo. Kwana tara yamma muke fuskanta.
Na ƙirga da tsinken tsintsiya. Salla arba'in da biyar. Nawa da sauƙi. Amma Kaka, wadda ko ranar da kunama ta harbe ta ba ta bar lokaci ya wuce ba. Kuma ni ta tambaya. Ni kaɗai.
Da azahar na juya tabarmar. Ta laluba ba ta ji ƙafar gado a damanta ba. "Mi ya faru?" Na ce shara na yi, na gyara ɗakin. Yanzu ga ƙarya a kai.

Alhamis, 15 ga Agusta
Na kasa cin tuwo. In Kawu ya ji, abu ɗaya aka ba ni na kasa. Fakku zan koma.

Juma'a, 16 ga Agusta
Rabi'atu mai nono ta shigo. Ita ba ta ba ni tsoro. Na tambaye ta yadda suke cewa gabas da Fulatanci. Ta ce funange, nange ɗin ita ce rana. Ta yi dariya, "Ko saurayinki can yake?" Na gudu ɗaki.
Kowa da rana yake ganewa. Ni da ƙofa.

Lahadi, 18 ga Agusta
Na rubuta tambayar a takarda, wai wata ce ta yi, na ajiye a kan jakar Malama. Ta karanta a gaban kowa. Ta ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure, in lokaci ya fita ba sai ya rama ba. Sannan ta ce, "Amma ita waccan, ba ta da wanda za ta tambaya ne?"
Ba ta dube ni ba. Ina ganin ta san rubutuna.

Litinin, 19 ga Agusta
Na faɗa wa Kaka, ina tsefe mata kai, don kada in ga fuskarta.
Ta juyo da kanta wajena.
"Kwana nawa?"
"Tara."
"Ga matar kawunki taku goma daga nan."
Na ce kunya na ji.
"Kunyarta kinka ji, ba ki ji tawa ba."
Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi. Na gaya mata abin da Malama ta ce. Ta ce Malama ta yi gaskiya, amma ita ba za ta iya kwanciya da su a wuya ba, za ta rama. Na ce gwiwoyinta fa? Ta ce, "Ke za ki riƙa tada ni."

Laraba, 21 ga Agusta
Bayan kowace salla muna ƙara biyu. Kafaɗata take dafawa in za ta miƙe.
Anti Khairat ta leƙo, ta ce lafiya sallar nan ba ta ƙarewa? Kaka ta ce, "Tsakanina da ƙawata ne." Anti ta saki labule ta tafi.

Asabar, 24 ga Agusta
Mun gama da azahar. Ƙafar Kaka ta kumbura, na gasa mata da ruwan zafi. Kawu ya shigo yana tambayar dalili. Kaka ta buɗe baki, amma na riga ta. Na faɗa masa duka. Muryata kamar ta wata.
Ya daɗe yana kallona. Bai ce komai kan makaranta ba. Har yanzu bai ce ba.

Talata, 27 ga Agusta
Mun raka Kaka Dogon Daji, barkar sunan jikar ƙanwarta. Gida cike da mata, ban san ko ɗaya ba. An kai mu wani ɗaki. Ba hadari, amma rana tana tsaka, ba a gane komai. Wannan ƙofar kuma ban yarda da ita ba.
Na fita tsakar gida, suna ta hayaniya a kan tukwane. Na ce, "Don Allah ina gabas ɗin gidan ga?" Ba su ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Mata uku suka nuna min da ludayi.
Da na dawo Kawu yana bakin zaure, ban san ko ya ji ba. A mota ya tambaye ni lambar takalmina. An kusa komawa makaranta.
Wataƙila ba komai ba ne.