Rigar Sojan Baba Ta Tafi Dushanbe

Zuwa ga Yaya Khurshed,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da aikinka a can Rasha. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu a Isfara muna nan. Inna na fama da gwiwa, Baba kuwa yana yadda ka bar shi, ba ya gane kowa, ba ya magana.

Mutumin da ka turo daga Dushanbe ya zo, mai tara tsofaffin kayan soja, Daler. Na ɗauko masa rigar Baba ta yaƙin Afganistan, mai dabbare-dabbaren nan. Ya juya ta, ya duba ɗinki da maɓallai, ya ce rabonsa da ganin irinta ya daɗe. Inna ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe, tunda tsumman da ta so ta toshe taga da shi ne ake yi wa tafiya. Ya yi dariya, ya saka rigar don ya gwada.

Baba yana zaune a tsakar gida. Da ya ɗaga kai ya gan shi, sai ya miƙe da kansa, ya kira shi Nizom. Inna ta ce sunan abokinsa ne da bai dawo daga yaƙin ba. Baba ya kama hannun Daler, yana ce masa ɗan iska, ina ya tsaya aka yi ta nemansa, ya kuma tambaye shi ko an kai shi wurin mahaifiyarsa. Daler ya dube ni, sannan ya ce an kai shi. Baba ya sa na kawo shayi da gurasa, suka ci tare. Da zai tafi ya fara cire rigar, Baba ya hana, wai akwai sanyi a kan dutse.

Haka ya fita da ita. A ƙofa ya so mu yi maganar ciniki, na ce ya je kawai. Kada ka yi fushi.

Baba ya koma yadda yake a da. Inna ta yi kuka. Ni na jira nawa kukan ya zo, bai zo ba, sai na wanke kofuna.

Ka gaishe da Kawu Sobir da matarsa Zebo. Inna ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka.

Ƙanwarka,
Mohira