Jerin Asparuh

Plovdiv, farkon Maris

Zuwa ga Tihomir nawa,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, ya teku, ya ciwon gwiwar? Mahaifiyarka lafiya lau, tana ta yi maka faɗa a bayan idonka.

Ni kam kaina ya ɗaure. Shugabar sashenmu, Madam Doneva, ta ce in wata ya ƙare zaren da nake zanawa a kwamfuta bai yi daidai da na ɗakin gwaji ba, ba za a sabunta mini aiki ba. Zaren ɗinkin tiyata ne, mai narkewa a jiki. A manhajar muna jera ƙwayoyin da ake kira monoma kamar tsakiya a zare, har su zama doguwar sarƙa. Ba mai jerawa daga farko. Akwai jeri ajiyayye, ka jawo shi ka yi ta maimaitawa. Kowane jeri sunan wanda ya yi shi yake ci, namu kuwa Asparuh, sunan malaminmu da ya rasu watan jiya.

To, a kwamfuta zarena yana laushi da wuri, a ɗakin gwaji kuma ya yi ƙememe. Na tambayi Nedyalko, abokin aikina, ko matsalar daga jerin take. Sai ya ce, "Ke Tsveta, jawo Asparuh ki liƙa mana! Wa ya taɓa leƙa cikinsa? Ko kin fi Malam ne?"

Ban fi shi ba, amma tsoro nake ji. Ka kula da kanka.

Taka,
Tsveta

Tsakiyar Maris

Tihomir,

Ina gaisuwa, da fatan iskar ta lafa muku. Na leƙa. Ƙwaya ɗaya a tsakiyar jerin a juye take, wutsiya a gurbin kai. Kuskure ne ko hikima? Wanda zai faɗa yana ƙasa.

Ranar Asabar aka yi addu'ar arba'in ɗinsa. Matarsa na zuba mini dafaffiyar alkama na daure na tambaye ta ko Malam mai yawan kuskure ne. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "'Yar nan, mutumin da zai tafi aiki da rigar sanyi a baibai, amma bai taɓa zarce gishiri a miya ba? Ni ma har ya tafi ban gane masa ba. Ci alkamarki." Na dawo a ruɗe fiye da yadda na je.

Ran Litinin na rufe ido na miƙe ƙwayar. Ashe jerin guda ɗaya ne tal, kowa daga gare shi yake ja! Ina taɓawa sarƙoƙin mutanen sashen duk suka canza. Nedyalko ya shigo kamar zai tashi sama: "Wace 'yar neman suna ce ta taɓa Malam?" Na ɗaga hannu kamar 'yar firamare. Madam Doneva kuwa ta ce a sake lissafin kowa. Ka sa ni a addu'a.

Matarka,
Tsveta

Ƙarshen Maris

Tihomir nawa,

Bayan gaisuwa da kewa mai yawa, albishirinka: an sabunta mini aiki. Zarena ya yi daidai cif. Na wasu ya gyaru, na Nedyalko kuma ya lalace, ba wanda ya san dalili. Saboda haka har yau ban sani ba ko gyara na yi wa Malam ko ɓarna.

Na so in yi murna, abu ya ƙi. Madam Doneva ta goge sunansa daga jerin ta sa nawa, wai al'ada ce. Na roƙi abokan aikina ɗaya bayan ɗaya su buɗe su duba abin da na yi, kowa ya ce yana sauri. Jiya na tare Nedyalko a bakin ƙofa. Ya gutsiri burodinsa na banitsa, ya ce, "Haba, kwantar da hankalinki. Wa zai leƙa cikin Tsveta?"

Ka dawo da wuri, don Allah. Ka gaida mutanen jirgi.

Taka har kullum,
Tsveta