Takardar Maganin Gimbiya

Zuwa ga 'yata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya kewar gida? Allah ya sa kina cin abinci. Babanki da Auta suna gaishe ki.

Na ba direba wannan wasiƙa ne saboda a waya ba na iya faɗin komai. Da na fara, sai babanki ya matso yana yi mini alama da hannu wai kada in tayar miki da hankali. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun da ya kama biro da furfura.

'Yarki Gimbiya ba ta da lafiya. Amai da zazzaɓi ne suka kama ta, ko ruwa ba ya zama a cikinta, shi ne na goya ta muka tafi imajansi. A tagar karɓar kati wata yarinya mai dogon farce ta tambaye ni lambar wayar babanki da sunan yarinya, na faɗa, ta danna, ta ce mu wuce. Ko leƙo bayana ba ta yi ba. An sa mata ƙarin ruwa, jikinta ya yi sanyi. Likitan da ya gan ta ya tashi daga aiki, wanda ya karɓe shi yaro ne, idonsa na kan kwamfuta, ƙeyarsa kawai na sani. Inji ya fito da takarda, aka miƙo mini aka ce an sallame mu.

Ki sani, wannan ne karo na farko da na karanta takardar likita da kaina. Baƙaƙen a tsaye suke reras kamar na littafinmu na ajin manya. Na ji daɗi, amma kafin mu kai bakin titi daɗin ya gudu. Babu hannun mutum a jikinta. Da can in likita ya rubuta, ko ba ka iya karantawa ka ga ya sunkuya ya yi tunani a kanka. Wannan wa ya rubuta? In ta ɓaci, wa zan kama?

Abin da ya fi damuna, ƙwayoyi aka ba mu, har da wata fara mai faɗin maɓallin riga. Ke da ƙannenki kuna shekara uku maganin ruwa ake ba ku da cokali. Na faɗa wa mai ba da maganin, ya juyo mini da takardar ya buga ta da yatsa, ya kira na bayana. Ina zargin na ruwan ya ƙare ne ko ya ajiye wa nasa, don na ga kwalabe a bayansa.

Babanki ya ce tun da na koyi haɗa baƙi na zama likitan unguwa, wai saura a saya mini farar riga. Ya ce inji ba ya gajiya, ba ya mantuwa. Ban ba Gimbiya ƙwayoyin ba tukuna. Na ɗaure su a leda na sa a ƙasan akwatina. Ruwan gishiri da sukari nake ɗura mata.

Ki rubuto mini abin da kika gani, 'yarki ce.

Taki har kullum,
Mamanki

*

Zuwa ga 'yata,

Ina gaishe ki, ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Amsarki ba ta zo ba. Direba ya rantse ya ba mai gadin makarantarku, ni kuwa ban yarda da idonsa ba, ina jin tana nan cikin motarsa ƙarƙashin kujera.

Aman ya ragu amma bai tsaya ba. Ganin haka na je wurin tsohon likitan nan da ya yi ritaya, na bayan masaƙa, wanda ya duba ki lokacin ƙyanda. Ban kai Gimbiya ba saboda rana. Ya saurare ni, ya zaro biro, ya rubuta mini takarda da hannunsa. Wallahi sai da ƙirjina ya yi sanyi.

Sanyin bai daɗe ba. A kemis mai shagon ya ɗaga takardar sama, ya juya ta, ya kanne ido ɗaya, ya kira abokin aikinsa. Suka yi ta gardama a gabana, wannan ya ce magani kaza ne, wancan ya ce ina, wutsiyar wannan baƙin ba ta sunansa ba ce. Daga ƙarshe suka ce ai shi tsohon abin da ya saba rubutawa ke nan, suka ba ni wata kwalba. Canka suka yi, 'yata, ina tsaye. Ni ma na gwada karantawa a hanya, duk karatun nawa ko baƙi ɗaya ban kama ba. Yanzu magani biyu gare ni, ban yarda da ko ɗaya ba.

Wani abu kuma. Jiya da na dawo daga kasuwa na tarar da akwatina ba yadda na bar shi ba, zanen da ke sama ya koma gefe. Na tambayi Auta, ta ce ita ba ruwanta, tana ta kallon ƙasa. Na tambayi babanki, ya ce in ba ni da aikin yi in je in ƙirga tukwane. A bayan randa na ga cokali da farin gari a jikinsa. Mutumin da bai taɓa sanin inda cokali yake kwana ba!

Gimbiya tana ta barci tun safe, barcin da ban so ba. Zan tsaya nan in je in duba ta.

Mamanki

*

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kafin komai, Gimbiya tana raye, tana lafiya, tana nan kusa da ni tana jan gefen takardar nan. Ki zauna sannan ki karanta sauran.

Da na ajiye biro ranar nan na same ta wuyanta ya karkace gefe, idanunta sun yi sama, harshenta ya yi nauyi. Ban san lokacin da na fita ba takalmi ba. Babanki ne ya tare mana mota, kuma a cikin motar, ba tare da na tambaya ba, ya faɗa cewa ya daka mata ƙwayoyin ya ba ta har sau biyu. Ya ce ya gaji da ganin yarinya tana amai magani na kwance a akwati. Na ƙara rungume yarinyar.

A imajansi wata nas mai jiki ta karɓe ta. An yi mata allura, kafin la'asar wuyan ya saki. Nas ɗin ta ɗora ta a sikeli, ta dubi takardar injin, ta sake duban Gimbiya, ta tambaye ni ina yarinyar mai shekara goma sha huɗu. Na ce tana gida, wannan ai jikata ce.

Kin gane? Sunan kakarku ne ya haɗa su. Ni na sa wa Auta, ke kuma kika sa wa taki, shi ya sa a gidan nan babu mai kiran ko ɗaya da shi. A kwamfutarsu duk gidanmu yana ƙarƙashin lambar babanki. Mai dogon farce ta ga sunan ta danna, ashe katin Auta ta buɗe. Likita na biyu bai ga yarinya ba, kati ya gani, ya rubuta wa budurwa magani. Shekarar haihuwar tana nan a saman takardar, cikin lambobin da na ɗauka lambar kati ce. Ni na karanta sunan, na ga daidai.

Na nuna wa nas kwalbar kemis ma. Ta karanta ta girgiza kai, ta ce ko kusa ba na amai ba ne, ta ajiye ba ta mayar mini ba.

Wani babba ya zo ya ba mu haƙuri, ya ce za a bincika. Ban san ko za a yi ba, na ga dai yana yawan duban agogo. An buɗe wa Gimbiya katinta. Da za a sallame mu, injin nan dai ya sake fito da takarda. Na ƙi tashi sai da likita ya juyo da kujerarsa ya dubi yarinyar, ya nuna mini shekarunta da nauyinta da yatsa. Na baya suna ta tsaki, ban kula su ba. Maganin ruwa ne wannan karon, ni na ba ta da hannuna, na zauna ina kallonta har ta nemi abinci.

Babanki ya daina zancen farar riga. Shi ke wanke cokalin yanzu, amma kwalbar tana wurina.

Sai kuma maganar da kuka ɓoye mini. Na ji mijinki ya yi wa babanki albishir a waya, ni ba a faɗa mini ba don wai ina da ɗaga hankali. To na ji, Allah ya raba lafiya. Roƙona ɗaya ne. Babanki ya riga ya fara cewa in namiji ne a sa masa sunansa. Kada ki yarda, kin ga abin da suna ɗaya ya ja mana. Mutumin nan ƙwayar hawan jini yake sha.

Ina gaida mijinki.

Taki,
Mamanki