Mai Rabin Eka Sifili Ne a Kwamfutar Malamina

Anti Safara'u, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a nan Wudil, kwamfuta nake karantawa. Malam Halliru, mai duba aikina na kammalawa, ya ba ni wani furogiram da ya rubuta da tsohon yaren kwamfuta FORTRAN tun zamanin soja, ya ce in mayar da shi yaren Java. Wata ƙungiyar manoma ce ke rabon taki da shi, kowa gwargwadon gonarsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: abin da tsohon ya fitar, shi sabon zai fitar, ba ƙari ba ragi.

FORTRAN ba shi da surutu, in ba ka faɗa masa irin lambar da kake so ba, shi zai zaɓar maka. Java kuwa ɗan ƙa'ida ne, sai ka bayyana komai kafin ya motsa. Da na zo kan girman gona, na ba shi lamba mai ɗaukar rabi da kwata, tunda a Kausani na tashi, na san gonakinmu. Ina gwadawa sai ga sunaye arba'in da uku da ba su taɓa fitowa ba. Ashe tsohon furogiram ɗin yar da gutsure yake yi, mai rabin eka sifili yake a wurinsa. Har da gwaggona Hansai, wadda shekara da shekaru take kukan 'yan ƙungiya ba sa ƙaunarta.

Na kai wa Malam Halliru a gaban sauran ɗalibai, bai ko gama dubawa ba ya ce ni ce ban iya ba, in je in gyara. Anti, aminin mahaifina ne, shi ya tsaya mini na samu gurbin karatu. In na bi yadda yake so na ci, amma bana ma gwaggo ba taki. In na ƙi, zan iya maimaita shekara, Baba kuma ya ce na yi wa amininsa rashin kunya. Saura mako uku. Wallahi tsoro nake ji.

Taki, wadda ta rasa mafita.

AMSA

'Yata, kin yi daidai a lissafi, kin yi kuskure a wuri. Dattijon da ya yi wa manoma aiki da zuciya ɗaya ba zai karɓi gyara a gaban ɗalibai ba, kuma ban ga alamar da gangan ya yi ba.

Ki buga sakamako biyu, ɗaya yadda ya nema, ɗaya naki. Ki same shi shi kaɗai, ki gaishe shi sosai, ki roƙe shi ya lissafa gona ɗaya mai rabin eka da biro. Ki bari hannunsa ya gano, kada bakinki ya faɗa. Kada ki sa gwaggo a zancen, sai a ce son kai ne.

Idan ya kafe, ki miƙa abin da ya nema, amma ki rubuta bambancin ɓaro-ɓaro cikin rahotonki, sannan ki nuna wa mahaifinki sunayen, shi ya yi masa magana. Shiru ne kawai ban yarje miki ba. Kuskuren baya na rashin sani ne. Wanda za ki kwafa yanzu kuwa, da saninki ne, kuma sunanki zai hau kai.

Allah ya ba ki sa'a, ya sa takin bana ya isa gonar Hansai.