Rantsuwa da sunan Bilyamin

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023
Shekara arba'in ke nan cif da aka kore ni daga bakin ofishin ɗaukar ɗalibai. Ban yafe ba. Yayana Bilyamin aka rubuta a makarantar boko ta Gadaka, ƙyanda ta ɗauke shi kafin a buɗe. Babanmu ya tura ni a gurbinsa, ya ce in an kira Bilyamin in amsa. Na amsa har jami'a. Da na nemi canjin jami'a, sabuwar ta buƙaci takarda daga gida. Bulama, mai unguwarmu, ya rubuta gaskiya: Bilyamin ya rasu tun 1969. Tsohuwar ta riga ta sallame ni, sabuwar ta ce ba ta ɗaukar matacce. Na ƙare ina rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya.
Yau 'yata Muhsina ta dawo. An janye izinin kwas ɗinsu, dole ta koma wata jami'a ko shekara biyunta su tafi a banza.

Laraba, 4 ga Oktoba
Ta baje takardu a tabarma. Makinta ya wuce abin da suke nema, takardar sallama ta fito, shugaban sashe ya yabe ta. Abu ɗaya ya tsaya. Takardun makaranta sun ce Muhsina Bilyamin, ta haihuwa ta ce Muhsina Yaji. Gogo Meram, ƙanwar babanmu, ita ta kai ta asibiti tana jaririya, ta faɗi sunana na yanka.
"Baba, sun ce kawai ka yi rantsuwa a kotu cewa mutum ɗaya ne. Sha uku ga wata za su rufe."
Kawai.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Ban fita ba.

Asabar, 7 ga Oktoba
Na je Gadaka. Gogo ta makance, tana zaune a inuwar rumbu da rana tsaka. Na yi sallama. Ta amsa, ta ɗan saurara, ta sake amsawa.
"Yaji, ba ka ce wa abokin tafiyarka ya zauna ba?"
Na ce ni kaɗai ne. Ta yi dariya, ta ce ita ido ta rasa, ba kunne ba, takun mutum biyu ta ji. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ce: "Aro ubanku ya yi maka, ɗan nan. In ka ɗora hannu a Alƙur'ani, ba aro ba ne kuma."
Na nemi kabarin Bilyamin. An yi gonar gyaɗa a wurin.

Litinin, 9 ga Oktoba
Mai hoto a unguwar Hausari ya ɗauke ni sau uku don takardar kotu. Duk ukun fuskar ta fito dishi-dishi, hula da riga kuwa tangaran. Ya ce ina motsi. Ban motsa ba. Na huɗun ya fito, amma na daɗe ina kallonsa. Ban taɓa sanin ina da wannan goshin ba.
Muhsina ta daina yi mini maganar. Tana dai goge takardun da gefen mayafi tana sake jera su. Na ce mata jami'o'in nan ba ilimi suke dubawa ba, takarda ce. Ta ce, "To Baba, ba ni takardar." Bakin uwarta ta ɗauko, Allah ya ji ƙanta.

Laraba, 11 ga Oktoba
Kotu, ƙarfe goma. Na yi alwala a famfon waje. Muna kan benci magatakarda ya leƙo ya kira, "Bilyamin Kaumi!" Aka ce na'am, dab da kafaɗata. Ban buɗe baki ba tukuna. Muhsina ta ce ni ne na amsa, ta ji ni.
Na ɗora hannu. Na ce Yaji da Bilyamin mutum ɗaya ne. Magatakarda ya tambaye ni wane suna za a bari a takarda. Na ce Bilyamin. Minti biyar ba a kai ba. Hannun ya yi sanyi har la'asar.
A keke napep, hanyar gida, na kasa kunne. Ba kowa a gefena sai Muhsina.

Alhamis, 26 ga Oktoba
Sun ɗauke ta, aji biyu za ta ci gaba. Na raka ta tasha. Ban zagi kowa ba yau, ko Bulama.
Gogo ta rasu shekaranjiya. A wurin ta'aziyya wani tsoho da muka yi kiwo tare ya ce ya yi ta kirana daga bakin zaure, Yaji, Yaji, ban waiwaya ba. Ya ɗauka kuskure ya yi, ya matso ya ba Malam Bilyamin haƙuri. Ban ji kiran ba. Wallahi ban ji ba.
An canja wa Muhsina takardar haihuwa. Ita kaɗai ce takardar da sunana ya taɓa hawa.