Zanga-zangar Masu Kunya

Zuwa ga Kawu Lauya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Goggo. Bayan haka, Shugabar makarantarmu ta kulle ɗakin karatu, wai za a mai da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru. Kawu, ba ni da inda nake samun littafi sai can. Malaminmu ya ce kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin taruwa cikin lumana. Har da 'yan aji huɗu? Don Allah kada ka gaya wa Baba.

'Yarka mai biyayya.

'Yar Shiru,

Ina amsawa. Na duba kundin ciki da bai, ban ga inda aka ce ban da 'yan aji huɗu ba. Ku taru, amma banda zagi, banda gudun darasi.

Kawunki.

Kawu,

Barka da aiki. Mun taru lokacin hutun tara, ni da ƙawayena. Muka zauna a ƙofar ɗakin, kowa da littafinta, ba mai ko tari. Shugaba ta zo wucewa, ta tsaya ta ce, "Madalla da yaran kirki!" Washegari ta yabe mu a gaban makaranta, ta raba mana alewa. Muka durƙusa muka yi godiya. Kujerun kuwa an fara kawo su. Na sha alewar, Kawu. Laifi ne?

'Yarka.

'Yar Shiru,

Goggonki ta yi dariya har da hawaye. Tun da nake zuwa kotu ban taɓa jin zanga-zangar da aka sallama da alewa ba. Kukan kurciya jawabi ne, amma ku ko kukan ba ku yi ba. Kundin da ya ba ki 'yancin zama, shi ya ba ki na magana. Ki yi ta da ladabi.

Kawunki.

Kawu,

Ina gaisuwa. Na shiga ofishin Shugaba, na ce, "Malama, ba karatu muke ba, zanga-zanga muke."

Ta cire tabarau. "Ta me?"

Na faɗa mata komai. Ta ce, "Ikon Allah! Ni na ɗauka ba mai shiga ɗakin, don ban taɓa jin motsi ba." Ta miƙo mini mabuɗi, kujeru kuma an kai wa kafinta. Sai dai ta ce tunda masu zanga-zanga ne, mu dawo mata da alewarta. Me kundin ya ce?

'Yarka mai farin ciki.

'Yar Lauya,

Kundin ya yi shiru a nan. Ke ma ki yi.

Kawunki.